Alamu sun isa a gurfanar da mutum, amma wa ke auna su?

Duk lokacin da aka yi wani mummunan kisa aka ce an kama wani, mutanenmu kan rabu gida biyu tun kafin a kai shi kotu. Kashi na farko su ce me ake jira, ai biri ya yi kama da mutum, shi aka gani da mamacin a ƙarshe, kuma dama ba sa ga maciji da juna. Kashi na biyu, galibi 'yan uwan wanda aka kama, su ce to wa ya gani da idonsa? A wurinsu, muddin babu wanda zai ɗaga hannu ya rantse ya ga lokacin da aka daɓa wuƙar, babu maganar tuhuma. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Alamu sun isa a gurfanar da mutum, har ma a yanke masa hukunci idan sun yi ƙarfi. Inda muke da matsala a Najeriya shi ne ba kasafai ake samun wanda zai zauna ya auna alamun ba kafin a tura mutum gidan yari, kuma da zarar an tura shi, sai dai wani ikon Allah.

Masu cewa sai an gani da ido su ne amsarsu ta fi sauƙi. Mai kisa ba ya gayyatar 'yan kallo. Mai sa guba a abinci, da mai garkuwa da yaro, da ma'aikacin da ke wawure kuɗin gwamnati ta hanyar takardu, duk a ɓoye suke aikinsu. In aka ce sai da ganau, to an ba duk mai wayo lasisin yin ɓarna, an bar kotu da 'yan dambe a kasuwa da masu yankan aljihu da rana tsaka.

Shari'ar Maryam Sanda ta isa misali. An kashe mijinta Bilyaminu Bello a gidansu da ke Abuja a watan Nuwamba na 2017. Babu wanda ya ga lokacin da abin ya faru. Ba a yi wa gawar binciken likita irin na fiɗa ba, ba a kuma kawo wuƙar gaban kotu ba, kuma lauyoyinta sun riƙe waɗannan biyun gam. Ita ta ce faɗa suka yi, ya faɗi a kan fasasshiyar kwalbar shisha. Amma akwai abokin mamacin da ya ce yana gidan a ranar, ya ga ta yi yunƙurin kai masa hari kafin ya tafi ya bar su. Akwai raunukan da aka gani a jikin gawar. Akwai kuma cewa ita ce ta ƙarshe da ke tare da shi yana raye, wanda a dokar ƙasar nan yana ɗora wa mutum nauyin ya yi bayanin da hankali zai ɗauka. Mai shari'a Yusuf Halilu ya haɗa waɗannan ya same ta da laifi, ya yanke mata hukuncin kisa ranar 27 ga Janairu 2020, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a ƙarshen shekarar. Mutum na iya jayayya kan hukuncin kisa shi kansa, wannan wata magana ce. Amma ban ga mai hankalin da zai ce bai kamata ma a gurfanar da ita ba don kawai babu ganau.

Zan ma ƙara da abin da wasu za su ji banbaraƙwai: a yanayin da muke ciki, na fi amincewa da alamu a kan ikirarin da aka samo a caji ofis. Jini a riga ba ya jin tsoron kulki. Bayanan kamfanin waya da ke nuna inda layi yake da ƙarfe biyun dare ba a rataye su a silin kafin su yi magana. Amma takardar da aka rubuta "ni ne na aikata" aka dangwala yatsa a ƙasa, kowa ya san yadda ake samun da yawa daga cikinsu, shi ya sa ma aka yi dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki ikirari a bidiyo ko a gaban lauya. A shari'ar Hanifa Abubakar a Kano, Abdulmalik Tanko ya amsa laifi a gaban duniya, daga baya ya zo kotu ya musa. Abin da ba zai iya musawa ba shi ne ramin da aka tono gawar yarinyar a cikin makarantarsa. Ganau ma yakan yi kuskure, yakan yi ƙarya, a kan saye shi. Rami ba ya canza magana.

Wani zai ce wannan duk dokar bature ce, a Musulunci sai shaidu ko iƙirari ko rantsuwa. Wanda ya faɗi haka bai zauna da alƙalan Malikiyya ba. Malamai suna kiran abin ƙarina, kuma hujjarsu tana cikin Suratu Yusuf, inda wani daga dangin matar ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, matar ce ke da gaskiya, in ta baya ce, Yusuf ne. Babu ganau a ɗakin nan, ƙofofi a rufe suke, riga ce ta raba gardama. Abin da ya kamata a lura da shi a nan, alamar wanke mutum ta yi, ba ɗaure shi ba. A farkon surar kuma 'yan uwansa sun zo da riga da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka ce Annabi Yaƙub ya lura rigar ba ta yage ba, wane irin kerkeci ne zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Wato alama ɗaya ta ce an kashe, wata alamar ta ƙaryata ta. Haka nan a babin kisa akwai abin da fiƙihu ke kira lausu, wato alama mai ƙarfi da ba ta kai cikakkiyar shaida ba, wadda ke buɗe ƙofar rantsuwa hamsin ta ƙasama. Asalinta sahabin nan Abdullahi bin Sahl da aka tsinci gawarsa a Khaibara ba a san wanda ya kashe shi ba. Fiƙihu ya daɗe da sanin cewa akwai mataki tsakanin "babu komai" da "an tabbatar", kuma ya ba matakin hukuncinsa daban.

Iyakar alama ma mun gan ta a gida. Amina Lawal, kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a 2002, babbar hujjar kuwa haihuwar da ta yi ba ta da aure, domin a mazhabar Malikiyya ciki alama ce ta zina. A watan Satumba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin, kuma cikin dalilanta akwai cewa mazhabar da ta ɗauki ciki a matsayin alama ita ce dai ta yarda ciki na iya kwanciya shekaru bayan rabuwar aure, don haka ana iya jingina ɗan ga tsohon miji. Ko likita ya yarda da kwantaccen ciki ko bai yarda ba, ƙa'idar da aka bi ita ce abin dubawa: muddin alama tana ɗaukar wata fassara, ba a zartar da haddi da ita. Kotun Ƙolin Najeriya ma abin da take maimaitawa ke nan a shari'o'in da suka dogara ga alamu, cewa dole su nuna mutum ɗaya tak, su toshe duk wata kafa.

To amma wannan ma'aunin yanke hukunci ne. Na gurfanarwa ya fi shi sauƙi, kuma ya kamata ya fi shi. A nan ne shari'o'i biyu na Kotun Ƙoli suke da daɗin kwatantawa.

A 1985 aka wayi gari a Benin aka tsinci gawar ɗan sandan da ke gadin gidan wani alƙalin babbar kotun jihar Bendel ta wancan lokacin, mai shari'a Donald Ikomi, a cikin harabar gidan. Gida ne mai katanga, babu wanda ya ga kisan. Aka tuhumi alƙalin da wasu mutum biyu da ke zaune a gidan. Lauyoyinsa suka je har Kotun Ƙoli suna neman a soke tuhumar tun kafin a fara sauraro, hujjarsu ita ce babu komai a fayil ɗin sai zato. A 1986 kotun ta ƙi. Ta ce a wannan mataki ba tabbatar da laifi ake nema ba, tambayar ita ce ko akwai abin da ke haɗa wanda ake zargi da laifin har a buƙaci ya yi bayani, kuma alamu na iya yin wannan aikin. Aka yi shari'ar, kotu ta sallame shi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa tun farko an zalunce shi. Ni a ganina matakan biyu kowanne ya yi aikinsa: gawa a cikin gidanka mai katanga ta isa a tambaye ka a gaban alƙali, ba ta isa a rataye ka ba. Sai dai ko shi, da girmansa da lauyoyinsa, tuhumar ta riga ta raba shi da kujerarsa.

Ta biyun ita ce ta Mohammed Abacha, wanda aka sa sunansa cikin waɗanda ake tuhuma da kisan Kudirat Abiola, da aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Shi ma ya je Kotun Ƙoli da roƙo iri ɗaya, amma shi ya yi nasara. A 2002 mafi rinjayen alƙalan suka duba takardun shaidar da masu gabatar da ƙara suka shigar, suka ce ba su ga abin da ya ɗaure shi da kisan ba, zama a ofishin da ake ƙulla wani abu ba ya nufin da kai aka ƙulla, kuma zato komai ƙarfinsa ba ya zama hujja. Alƙali ɗaya ya saɓa musu. Har gobe akwai masu ganin sunan gidansu ne ya fitar da shi, akwai masu ganin sunan ne ma ya sa aka saka shi tun farko. Ban shiga wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne, ga ma'auni nan a rubuce, Kotun Ƙoli ta fayyace shi sau biyu, amma waɗanda suka samu aka auna fayil ɗinsu da shi su ne alƙalin babbar kotu da ɗan tsohon shugaban ƙasa. Mai tura baro a Sabon Gari wa zai kai maganarsa Abuja?

Ga yadda tasa ke kasancewa. Wani ya je kasuwar waya ya sayi ta hannu, an yi masa sauƙi, babu rasit, mai sayarwar ma a tsaye ya same shi a bakin titi. Bayan wata biyu 'yan sanda suka bi lambar wayar suka zo har ƙofar gidansa, ashe an ƙwace ta ne a hannun wani da aka daɓa wa wuƙa ya mutu. Ya taka sawun ɓarawo. Dokar shaida ta 2011, sashe na 167, ta ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Ban ga aibun wannan ƙa'ida ba. A kama shi, a tambaye shi. Amma bayaninsa abu ne da za a iya bincikawa cikin kwana biyu: ina layinsa yake a daren da aka yi kisan, yaushe aka fara sa layinsa a cikin wayar, layin wa aka sa kafin nasa, maƙwabtansa da abokan sana'arsa me suka ce. Sau da yawa ba a yi. Sai a rubuta fashi da makami da kisan kai a takardar ƙara a kai shi kotun majistare, kotun da kowa a ɗakin ya san ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na irin wannan kotu ya san abin da ke biyo baya, domin ba ya wuce minti biyar. A kira suna, a karanta ƙara, a fassara masa da Hausa, ya buɗe baki zai ce "ranka ya daɗe, saya na yi", a ce masa ba a nemi amsarsa ba tukuna. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ana jiran shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Majistare ya duba kalanda ya sa rana, ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali. Uwarsa tana waje riƙe da kwanon abinci, tana tambayar masinja ko an ba da beli. Ranar da aka sa ta zo, a ce shawara ba ta fito ba. Wata ranar a ce babu motar kawo fursunoni. Wata ranar an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, fayil ɗin kuma ba a san teburin da yake ba.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wannan adadin shi ne ya sa ba na karɓar maganar lauyoyin gwamnati idan suka ce ai gurfanarwa ba hukunci ba ce, in ba shi da laifi kotu za ta wanke shi. A takarda haka ne, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. A aikace, wanda aka rubuta wa kisa ko fashi da makami beli ya yi masa nisa, kuma shekarun da zai yi kafin a wanke shi babu mai mayar masa da su. Manjo Hamza Al-Mustapha ya shafe shekara goma sha huɗu da ɗoriya a tsare, babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a 2012 kan kisan Kudirat Abiola, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2013 bisa cewa shaidun ba su tsaya da ƙafarsu ba. Shi duniya na ƙirga masa shekarun. Mai waya babu mai ƙirga masa sai uwarsa.

Saboda haka in za a rage ma'aunin hujja a matakin gurfanarwa, kuma na yarda a rage, dole a ƙara tsananin dubawa. Kowace alama ita kanta sai ta kasance tabbatacciya. "An ce an gan shi" ba alama ba ce, jita-jita ce, sai wanda ya gan shin ya zo ya faɗi sunansa da wurin da lokacin. Alama kuma ta nuna wannan mutumin, ba unguwarsu ko ƙabilarsu ko irin askinsa ba. Ƙiyayya tsakanin mutum biyu dalili ne na a fara bincike daga nan, amma rabin garin nan suna da wanda ba sa shiri da shi. Sannan in wanda ake zargi ya ce ina wuri kaza a lokacin, a je a duba kafin a rubuta tuhuma, kotunanmu sun sha sakin mutane saboda 'yan sanda ba su yi hakan ba, bayan mutanen sun riga sun ci shekaru a ciki. Alamu uku raunana ba sa haɗuwa su zama ɗaya mai ƙarfi idan duk daga bakin mutum ɗaya suka fito.

Wasu ƙasashen sun sa wani a tsakani don wannan aikin kaɗai. A kotunan tarayyar Amurka, babban laifi sai an kai shi gaban wani zauren talakawa mai mutum 16 zuwa 23, kuma sai 12 sun yarda akwai dalili kafin a tuhumi mutum, ko da yake su kansu Amurkawa suna kukan cewa zauren ya zama ɗan amshin shatan mai gabatar da ƙara, tunda shi kaɗai suke saurara. A Ingila lauyan gwamnati ne ke tambayar kansa ko akwai kyakkyawan zaton kotu za ta sami mutumin da laifi da wannan hujjar, in babu ya ajiye. Maƙwabtanmu na Nijar, da suka gaji tsarin Faransa, suna da alƙali mai bincike wanda aikinsa ya nemo abin da ke ɗaure mutum da abin da ke wanke shi, in hujja ba ta isa ba ya rufe fayil, duk da cewa su ma gidajen kasonsu cike suke da masu jira. Babu tsarin da ya tsira daga son rai da kasala.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar 2015 ta ce umarnin tsarewa na majistare kada ya wuce kwana 14 a karon farko, ana iya sabuntawa da dalili, amma akwai inda ya ƙare, a nan kotu za ta kira hukuma ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Ta ce shawarar ma'aikatar shari'a ta fito cikin kwana 14 da karɓar fayil. Ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Jihohi sun yi nasu kwafin, Kano ta yi nata a 2019. Abin da ya rage shi ne majistaren da zai yi ƙarfin halin cewa wa'adi ya cika, ba ku kawo komai ba, na sake shi, da kuma babban jojin jiha da zai tsaya masa idan aka fara surutun an saye shi.

Na san abin da za a ce: ka tsananta, za a riƙa sakin 'yan daba da masu ƙwacen waya, jama'a kuma su ɗauki doka a hannunsu. Tsoron ba na banza ba ne, duk wanda aka taɓa yi wa ƙwace ya ga ɓarawonsa yana yawo bayan sati guda ya san zafin. Amma ɗaukar doka a hannu shi ma kan alamar da ba a auna ba yake tafiya. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su Kano yin sallah, suka ga bindigogin toka, suka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Bindiga a mota alama ce, babu shakka, ta isa a tsayar da su a kai su ofishin 'yan sanda a tambayi takardunsu. Mun yi kuka sosai a kan Uromi, kuma ya dace, amma lissafin da aka yi a bakin titin can shi ne wanda muke yi a nan idan aka ce ɓarawon waya ne a kama, ko aka ce wance mayya ce tunda yaron ya kira sunanta cikin zazzaɓi.

Da a hannuna abin yake, da ƙaramin gyara ɗaya zan fara. Duk shawarar da ta fito daga ma'aikatar shari'a cewa a gurfanar da mutum bisa alamu, lauyan da ya rubuta ta ya lissafa alamun ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi shaidan da zai tabbatar da kowacce, ya faɗi bayanin da wanda ake zargi ya bayar da abin da aka gano da aka bincika shi, ya sa sunansa a ƙasa. A ba wanda ake zargi kwafi, a karanta masa da harshen da yake ji. Fayil ɗin mai waya ba zai wuce wannan teburin ba sai an fara rubuta wa kamfanin layi wasiƙa an ji amsarsu.